Yadda na gyara kat-kat ɗin Hilux ɗina

Kuɗina bai kai Land Cruiser ba, sai na sayi tsohuwar Hilux ta hannu a nan Maraɗi, don kayan gyaranta ba wuya. Kuskurena, a kan kwalta kaɗai na gwada ta.

Ranar farko cikin rairayin ƙauyukan Dakoro ta nutse. Na sa kat-kat, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, amma tayoyin baya kawai ke juyawa suna haƙa rami. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da muka dawo, bakanike ya kwance makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, waɗanda ke sa tayoyin su ja idan an sa kat-kat. Ashe giris ya bushe da ƙasa, ba sa kamawa. Ya wanke su da kalanzir, ya sa sabon giris. Yanzu kafin rairayi nakan kulle su, in rage iskar taya, ta wuce lafiya lau.