Yadda ake samun kwarjini da faɗa-a-ji a zangunan Akra

A unguwanni irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango da Fadama, inda gidaje ke manne da juna kuma kusan kowa ya san asalin kowa, mutum ba ya iya ɓoye halinsa na tsawon lokaci. Shi ya sa kwarjinin da babbar riga da ƙamshin turare ke jawowa ba ya wuce ranar Juma'a ko ranar Salla. Wanda ake yin tsit idan ya buɗe baki, ake kuma aika a kira shi idan magana ta cije, ya kai wannan matsayi ne ta hanyar wasu halaye da jama'a suka daɗe suna gani a tare da shi, kuma duk wanda ya sa kansa zai iya koyon su.

Ka fara da gaisuwa, domin da ita ake fara auna ka. Idan ka iske dattawa zaune a ƙofar masallaci, ka tsaya cik, ka rage tsawo, ka kira kowa da sunan girmansa, Malam ko Alhaji ko Baba, sannan ka tambayi iyali da jiki ba tare da idonka na kan waya ba. Mace kuwa da ta shiga gidan suna ta fara da Hajiya da iyayen gida kafin ta nemi ƙawayenta. A taron da ake musafaha, al'adar Gana ita ce a fara daga dama a bi layi zuwa hagu, kuma ba a miƙa wa mutum kuɗi ko kaya da hannun hagu. Ka riƙe abin da aka gaya maka jiya: wanda ya ce maka mahaifiyarsa na kwance a asibiti, idan bayan mako ka tambaye shi jikin Inna, ya san cewa ka ɗauke shi da muhimmanci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta cin ko sidi ɗaya na kuɗin Gana.

Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, Fulani da Yarbawa, a kewaye kuma ga mutanen Ga masu ƙasa da masu jin Twi da suka cika kasuwar Makola. Hausa ce ta haɗa mutanen zango, amma wanda ya iya gaisuwa da godiya da ban haƙuri cikin harshen maƙwabcinsa, ko da da gargada ne, ƙofofin da ke buɗe masa sun fi na wanda ya tsaya a kan harshe ɗaya.

Abin da ya fi wuya, wanda kuma a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne kame kai a lokacin da ran kowa ya ɓaci. A nan misalin yana kusa da mu. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919 kuma ya zama Babban Limamin Gana a 1993, ba a san shi da ɗaga murya ba. A 2012, da aka tone gawar wani limami a garin Hohoe da ke yankin Volta har rikici ya ɓarke, ya je da kansa aka sasanta. A 2016 ya tafi Old Tafo a Kumasi bayan tarzoma a kan filin maƙabarta. A farkon 2019, da wasu matasa suka far wa wani coci a Akra saboda faston ya yi hasashen rasuwarsa, ya nemi a yafe wa mutumin, kuma a cikin wannan shekara ya halarci taron Ista a cocin Katolika na Christ the King lokacin cikarsa shekara 100. Matasa da sarakuna da 'yan siyasa suna jin maganarsa domin ba su taɓa ganin ya yi amfani da ita wajen rama wa kansa ba.

Hanyar da za ka bi a matakinka ita ce wannan. Idan mutum biyu suka kawo maka ƙara, ka bar kowanne ya kai aya ba tare da katsewa ba, sannan ka maimaita masa abin da ka fahimta, ka tambaye shi ko haka yake nufi. Sau da yawa rabin fushin kan tafi tun a nan. Kada ka yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, ko da mai kawo ƙarar ɗan ɗakinku ne. Idan gyara za ka yi wa wani, ka ja shi gefe, domin wanda ka kunyata a majalisar ataya, wato wurin shan shayi, zai manta gaskiyar da ka faɗa, ya riƙe kunyar. Sirrin da aka ba ka kuwa ya tsaya a wurinka, har matarka ko mijinki kada su ji.

Sai alkawari da kuɗi, inda mutane da yawa masu farin jini suka zubar da mutuncinsu. Ka rage yawan cewa "ba komai, zan yi". Idan ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri cikin ladabi, domin an fi yafe wa wanda ya ƙi fiye da wanda ya amsa ya ɓace. Idan aka damƙa maka kuɗin adashi, ko gudummawar gyaran masallaci da ake turowa ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka karanta wa jama'a tun kafin wani ya tambaya. Ka kuma lura da shekarar zaɓe, wadda ke zagayowa duk bayan shekara huɗu a watan Disamba: 'yan takara kan nemi duk wanda matasa ke saurara, kuma da zarar an san an saye ka, maganarka ta koma ta jam'iyya ɗaya, rabin unguwa sun daina ji.

Zumunta a ƙafa take. Ka je suna da ɗaurin aure idan ka samu hali, amma jana'iza da dubiyar marar lafiya kada su wuce ka, musamman na waɗanda ba su da abin da za su saka maka da shi.

Idan aka ba ka dama ka yi magana a taro, ka shirya batu ɗaya ko biyu tun daga gida, ka fara da neman izinin manya, ka ambaci wanda ya riga ka kawo shawarar idan tasa ce, ka zauna tun mutane suna son ƙari. Wannan ƙa'ida ta shafi zaurukan WhatsApp na unguwa, inda saƙon murya na minti goma ba ya samun mai saurare har ƙarshe, kuma labarin da ka tura ba tare da ka tabbatar ba zai dawo da sunanka a kansa. Idan gardama ta yi zafi a zauren, ka daina rubutu, ka kira mutumin a waya ko ka same shi bayan sallar Isha'i ku ƙarasa maganar ku biyu.