Yadda ake gano dalilin nauyin faifan ajiya a sabar fayiloli

Idan ma'aikata suka fara ƙorafin cewa fayil yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, kada a yi gaggawar sayen sabon faifai, domin sau da yawa ba shi ne da laifi ba. A fara kwafar babban fayil guda daga sabar zuwa wata kwamfuta, a lura da saurinsa. Layin sadarwa na gigabit ɗaya yana ba da kimanin megabayit 110 a daƙiƙa, saboda haka idan aka ga saurin ya tsaya cak a 11 ko 12, to layin ne ya faɗo zuwa megabit 100, kuma lalatacciyar waya ko ramin suwic (na'urar da ke haɗa wayoyin kwamfutoci) ne ya kamata a bincika.

Idan layin lafiya yake, sai a koma kan faifan a daidai lokacin da ake fama da matsalar. A Linux, umarnin iostat -x 5 yana nuna r_await da w_await, wato tsawon jiran da kowace buƙatar karatu ko rubutu take yi, da kuma %util, wato kason lokacin da faifan yake cikin aiki. A Windows kuwa, Resource Monitor yana nuna kwatankwacin haka. Faifai mai juyawa 7200 a minti yana iya karanta dogon fayil da gudu, amma a aikin da yake warwatse ba ya wuce kimanin buƙatu 100 a daƙiƙa, shi ya sa mutum talatin masu buɗe ƙananan takardu sukan gajiyar da shi fiye da mai kwafar bidiyo. Da iotop za a ga shirin da yake cinye faifan, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar ajiyar kwafin dare ce ta kai har safiya, ko manhajar riga-kafi tana bin kowane fayil.

Daga nan a duba lafiyar faifan da smartctl -a. A jerin da umarnin yake fitarwa, lamba 5 tana ƙirga sassan da suka lalace aka maye gurbinsu, 197 kuma waɗanda aka kasa karantawa. Idan suna ƙaruwa, faifan yana maimaita karatu ne a wuri guda, kuma a ganina babu dalilin jinkiri: a kwashe bayanai tukuna, sannan a canza shi. Lamba 199 daban ce, domin yawanci wayar SATA, wadda ke haɗa faifan da kwamfuta, take tuhuma.

Wurin da aka fi mantawa shi ne RAID, wato tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda. Ɗaukewar wuta ba zato takan sa tsarin ya shiga daidaita faifansa na tsawon sa'o'i, kuma cat /proc/mdstat zai bayyana haka a inda ake amfani da mdadm, manhajar RAID ta Linux. A katin RAID kuma, idan batirinsa ya mutu, yakan daina riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa, ya koma jiran faifai a kowane rubutu, sai aiki ya yi nauyi alhali babu faifan da ya lalace.

Idan rubutu yana farawa da gudu sannan ya durƙushe bayan wasu mintoci, a duba lambar samfurin ko faifan nau'in SMR ne, wato wanda layukan rubutunsa suke hawa kan juna. A 2020 ne aka gano cewa wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital irin wannan ne, kuma ba su dace da sake gina RAID ba, don haka a maye su da nau'in CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna, ɗaya bayan ɗaya, ana jira ginin ya kammala kafin a taɓa na gaba.