Yadda ake zaɓen wayar HDMI ba tare da asarar riyal ba

Duk wanda ya sayi talabijin a Jidda ko a Makka ya san abin da ke biyo baya: kafin a ɗaure kwali, mai shago zai ɗauko wayar HDMI, wadda ke kai hoto da sauti daga na'ura zuwa talabijin, mai bakin zinariya, ya ce sai da ita hoto zai fito tas. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo a kasuwar Balad ta Jidda, yana riƙe da wayoyi biyu yana jin nauyinsu a hannu, ɗaya riyal 20, ɗaya riyal 180, kuma a fili yake zuciyarsa ta karkata ga mai nauyin. Ban ga laifinsa ba, domin a zamanin wayoyin nan uku, ja da fara da rawaya, waya maras kyau tana sa hoto ya dushe ko ya yi hazo.

HDMI ba haka take aiki ba. Abin da ke bi ta cikinta lambobi ne, sifili da ɗaya, kuma matuƙar sun isa talabijin daidai, hoton da waya mai arha ta kai shi ne ainihin wanda mai tsada za ta kai, ba ƙarin launi ba ƙarin kaifi. Idan waya ta gaza, ba ta ɓoye gazawarta: za a ga fararen ɗige suna walƙiya, ko hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko allon ya yi baƙi ƙirin.

Saboda haka ka fara da duba na'urar da za ka jona. Idan resibar tauraron ɗan Adam ce, wadda kaifin hoton yawancin tashoshinta bai wuce layi 1080 ba, waya mai tambarin High Speed ta ishe ka, domin tana ɗaukar gigabit 10.2 a sakan (gigabit ma'aunin yawan bayanai ne). Idan kana kallon 4K, wato hoton da ya fi 1080 kaifi, mai hoto 60 a sakan, nemi Premium High Speed, mai gigabit 18. Ultra High Speed, mai gigabit 48, wadda ta zo tare da tsarin HDMI 2.1 na shekarar 2017, amfaninta yana ga masu wasan PlayStation 5 da ke son 4K mai hoto 120 a sakan, su ma kuwa ana sako musu ita a cikin kwalin na'urar. Waɗannan biyun na ƙarshe, idan na gaske ne, akwai lambar QR a jikin kwalinsu wadda ake tantancewa da wayar hannu, kuma wannan lamba ta fi kalmar “orijinal” a bakin mai shago nauyi.

Sai tsawo, wanda shi ne inda kuɗi ke da hujja. A mita ɗaya ko biyu kusan kowace waya lafiyayya za ta yi, amma da zarar an wuce mita biyar sigina kan fara rauni a cikin tagulla, musamman idan 4K ce. Wanda zai ja waya daga ɗaki zuwa majalisa, ko zuwa majigi a makaranta, nisan mita goma ko fiye, gara ya sayi mai ƙarfafa sigina ko mai zaren haske. Irin waɗannan suna da gaba da baya, an rubuta a kowane baki inda ake jona shi, kuma idan aka juya su hoto ba zai fito ba ko kaɗan.

Ruwan zinariyar nan kuwa tsatsa kawai yake karewa, abin da mazaunin Jidda, da danshin Bahar Maliya, ba zai raina ba, amma babu ruwansa da kyawun hoto.

Idan ka kai waya gida, riƙe rasit, ka kunna abu mafi nauyi da na'urarka ke iya fitarwa na tsawon rabin awa, kana ɗan motsa bakin wayar da yatsa. Idan kuma za a binne ta a bango ne, a yi wannan gwaji kafin magini ya shafe siminti.