Yadda ake ƙalubalantar ƙimar gida a Texas da taimakon wakilin haraji

Takardar ƙimar gida ta iso mini a watan Afrilu, lokacin da masu gida a Texas suka saba ganinta. Ofishin ƙiyasta kadarori na gunduma ya rubuta cewa gidana ya ƙara daraja sosai, alhali ni da nake kwana a cikinsa na san harsashin ya tsage ta gefen gareji, rufin ma ya tsufa. Jihar nan ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, shi ya sa harajin gida yake da nauyi, kuma da wannan ƙimar ake lissafa shi.

Fara duba ranar ƙarshe. Ana shigar da ƙorafi zuwa 15 ga Mayu, ko kwana 30 bayan an aiko takardar, duk wanda ya fi nisa. Fom ɗin shi ne 50-132. Ko ba ka gama shawarar ɗaukar wakili ba, shigar da shi tukuna. Ka zaɓi dalilai biyu: cewa ƙimar ta wuce farashin kasuwa, da cewa an ɗora maka fiye da gidaje irin naka.

Mutum na iya tsayawa da kansa, kyauta ne. Ni na nemi wakili saboda a Texas doka ba ta tilasta bayyana farashin da aka sayar da gida, don haka samun cinikin gidajen unguwa yana wahalar da ɗan gari, su kuwa masu wannan sana'a suna da shi a hannu. Kafin ka sa hannu a fom 50-162, wanda zai ba shi ikon magana da yawunka, tabbatar yana da rajista da hukumar lasisi ta jiha, TDLR.

Yawancinsu ba sa karɓar komai sai an rage maka, sannan su yanki kaso daga abin da ka samu. Misali, a ce an sauke dala 30,000 daga ƙimar, kuma jimlar harajin yankinka kashi 2 cikin ɗari ne: ka tsira da dala 600. In kason wakili kashi 40 ne, zai ɗauki 240.

A nan nake roƙonka ka zauna ka karanta yarjejeniyar layi-layi. Gidan da kake zaune a ciki, in ka yi masa rajistar gidan zama, ƙimar da ake yanka maka haraji a kanta ba ta hawa fiye da kashi 10 a shekara, ban da sabon gini da ka ƙara. Saboda haka takardarka tana iya ɗauke da lambobi biyu. A ce farashin kasuwa 400,000, wadda aka taƙaita kuma 350,000. Wakili ya yi ƙoƙari ya sauko da ta kasuwa zuwa 370,000, amma bana ko sisi bai ragu daga harajinka ba. Tambaye shi ƙarara a kan wace lamba yake lissafa ladansa, kuma ya rubuta. Duba ma ko yarjejeniyar tana sabunta kanta kowace shekara, da yadda ake fita daga cikinta. Rajistar gidan zaman kuwa da kanka za ka yi, ba a biyan ko kwabo.

Wakili bai taɓa shiga gidanka ba, kuma a watannin nan fayiloli ne jibge a gabansa. Abin da zai bambanta naka daga hannunka zai fito. Na ɗauki hotunan tsagar harsashi da tabon ruwa a silin, na kira masu gyara biyu suka ba ni ƙiyasin kuɗin aiki a rubuce, na tura masa duka. Ka tuna yanayin gida a ranar 1 ga Janairu ake dubawa, ɓarnar da ta zo bayan nan ba ta cikin lissafin bana. Leƙa bayanan gidanka a shafin ofishin ma: faɗin gini, shekarar da aka gina shi, yawan banɗaki. Kuskure a nan yakan bi mutum shekara da shekaru.

Galibi ana fara zama da ma'aikacin ofishin don a sasanta. In ba a daidaita ba, sai gaban kwamitin sauraron ƙorafi, ARB, wanda mazauna gundumar ne ke zama a cikinsa. Kana da haƙƙin neman hujjojin da ofishin zai gabatar, a ba ka su aƙalla kwana 14 kafin zaman. Ka gaya wa wakilinka ya sanar da kai kafin ya amince da kowane tayi, domin in ya sa hannu, magana ta ƙare. Ƙorafina a zaman sasantawa ya ƙare, kuma wakilin ya ce ƙiyasin gyaran harsashin ne ya fi yin tasiri.

In hukuncin kwamitin bai yi maka ba, kana da kwana 60 ka nemi mai shiga tsakani ya yanke hukunci ko ka kai ƙara kotu. Harajin dai ka biya shi kafin ƙarshen Janairu. In kamfanin da ya ba ka bashin gida ne ke biya a madadinka, aika masa sabuwar ƙimar, ka nemi ya sake lissafa abin da yake cira duk wata.