Darasi na 9: Dajin da ke tsaye cikin ruwan gishiri

Kirafish ɗin da ake aunawa da mudu a kasuwar Wuse ba a nan Abuja aka kama shi ba. Daga kudu yake zuwa, daga bakin teku, wajen Oron da Kalaba. A can akwai wani daji da ke tsaye cikin laka da ruwan gishiri. Sunan itacensa mangurob. Saiwoyinsa a waje suke, sun yi cirko-cirko kamar ƙafafun gizo-gizo. 'Ya'yan kifi da jatan lande suna ɓuya a tsakaninsu har su yi ƙwari. Igiyar ruwa kuma, in ta taso da ƙarfi, a nan take karyewa kafin ta isa gidajen masunta. Dajin mangurob na Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka.

Dajin nan yana shan wahala. Ana sarar sa don girki da ƙyafe kifi. Kwakwar nipa, wadda aka kawo Kalaba a 1906, tana cinye masa wuri. Teku ma tana hawa: daga 1900 zuwa yau ta ƙaru da kusan santimita 20, har tana cin garin Ayetoro a Jihar Ondo. Mafi muni shi ne malalar ɗanyen mai, domin itacen da saiwa yake numfashi, mai kuwa toshe ta yake yi. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni ta Neja Delta, wadda mai ya gurɓata, zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Yanzu HYPREP, hukumar da ke aikin gyaran, tana dashen mangurob a can.

Ga abin da masu bincike suka gano, kuma duk manomi zai gane shi: dashe kaɗai ba ya isa. An sha dasa dubban tsirrai a ƙasashe da dama su mutu, saboda an sa su inda ruwa ya yi yawa ko inda ba ya kaiwa. Sai an fara duba yadda ruwa ke shiga da fita. In hanyarsa ta toshe, a buɗe. In laka ta gurɓace, a tsabtace. Irin jan mangurob tun yana jikin uwarsa yake tsira, ya faɗo dogo mai tsini, ruwa ya kai shi inda zai kafu da kansa. Wannan aiki haƙuri yake so, da hannun mutanen wurin.

Mu ma muna da hannu. Ruwan Usuma yana faɗawa Gurara, Gurara ya faɗa Kwara, Kwara ta wuce Lokoja zuwa teku. Ledar da aka jefa a kwata a Kubwa tana iya bin wannan hanya.

Aikin aji: Kowa ya rubuta sunayen koguna ukun nan a littafinsa, ya karanta wa na kusa da shi. Sannan a yi lissafi: 2011 a haɗa da 30, wace shekara ke nan?