Yadda ake auna fulbak na jami'a kahin diraf ɗin NFL

A fadarmu ta Bukoki nan Yamai ni kaɗai ne Allah ya ɗora ma son ƙwallon Amurka, sauran duk ƴan Real ne da Barsa, in an ɗora shayi ana gardamar balo ni ina gefe da portabul ina kallon ƙatti masu hular kwano suna karo. To ranar nan wani ƙanena ya leƙo ya ce yaya wai mi kake kallo, minti talatin kana maida bidiyo baya kan mutum guda kuma ko sau ɗaya bai taɓa ƙwallo ba, ba ka tausayin megarka? Na ce mishi ai wanda bai taɓa ƙwallon ba shi nake kallo, fulbak kenan, kuma tunda watan Afrilu ya kusa lokacin da ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke zaɓen yaran jami'a, abin da suke ce ma diraf, bari in rubuta yadda nake auna su ko wani zai ƙaru.

Da farko kar sunan ya ruɗe ka, ba mai tsaron baya na gefe ba ne irin na balonmu. A ƙwallon Amurka fulbak ɗan gaba ne, yana tsayawa bayan kwatabak, wato mai jifa da raba ƙwallo, shi kuma mai gudu da ƙwallo wato ranin bak yana bayanshi. Da an tada wasa shi ke fara shiga ramin da manyan ƴan layi suka buɗe, ya je ya gwabza da lainbaka, wato ɗan tsaron da ke tsaye bayan layin abokan karawa, mai ƙwallo ya biyo sawunshi ya wuce. In ka taɓa ganin zagi gaban dokin sarki ranar hawan salla to shikenan ka gane aikin, shi ke shan ƙura shi ke buɗe hanya amma mahayi ake ma guɗa.

Kahin ka duba yaro duba kasuwa tukuna. Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye 7, ana kwana uku ana yi, mutum ɗari biyu da hamsin da ƴan kai ake ɗauka. Yanzu da yawan ƙungiyoyin ba su ma da fulbak gaba ɗaya don sun fi son zuba masu cafe ƙwallo uku a fili, waɗanda ke da shi kuma guda ɗaya tak suke ajewa cikin mutum 53 da doka ta ba su. Da can ba haka ba ne, Dallas Cowboys sun ɗauki Daryl Johnston a zagaye na biyu a 1989, Tampa Bay ma a zagaye na biyu ta ɗauki Mike Alstott daga Purdue a 1996, amma wannan zamani ya wuce. Kyle Juszczyk da kowa ke yabo yanzu sai a zagaye na huɗu Baltimore Ravens suka kira sunanshi a 2013. Don haka in ka ji wani na cewa fulbak kaza zai fita daren farko ka sha shayinka kawai, tambayar gaskiya ita ce za a ɗauke shi ranar ƙarshe ko sai bayan an watse a kira shi a waya.

Sai kuma inda za ka nemo shi, nan ne mutane ke ɓata. In ka tsaya kan waɗanda aka rubuta ma fulbak a takardar jami'a to rabin masu kyau sun wuce ka. Juszczyk a Harvard tait en yake bugawa, wato mai tsayawa a ƙarshen layin gaba yana tare mutum yana kuma cafe ƙwallo. Patrick Ricard a jami'ar Maine ɗan tsaro ne na layin gaba, babu wanda ya zaɓe shi a 2017, Ravens suka ɗauko shi daga baya suka maida shi fulbak, mutum mai kilo sama da 130. James Develin ma ɗan tsaro ne a Brown, ba a zaɓe shi ba, ya zo ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau uku da New England. C.J. Ham na Minnesota mai gudu da ƙwallo ne a wata ƙaramar makaranta Augustana. Kenan ka riƙa sa ido kan tait en ɗin da ya gajarta, da ranin bak ɗin da ya yi nauyi, da lainbakan da ke son karo amma gudu ya yi mishi kaɗan. Makarantun da suka saba fidda na asali kuwa akwai Wisconsin, can Derek Watt da Alec Ingold suka fito, da North Dakota State inda Hunter Luepke na Dallas ya yi. Amma ka yi hattara da na makarantun soja irin Army da Navy, can fulbak shi ake miƙa ma ƙwallo yana gudu, lambobinshi za su burge ka alhali aikin da za a sa shi a NFL daban ne.

To yanzu kallon kanshi. Kar ka yarda da bidiyon nan na minti uku da ake haɗawa da kiɗa, wannan kwalliyar amarya ce, babu mai sa inda ya sha ƙasa. Nemi cikakken wasa, in ka samu hoton da ake ɗauka daga sama mai nuna duka ƴan wasa 22 ya fi, kuma ka zaɓi ranar da suka haɗu da babbar makaranta ba ranar da suka tattake ƙanana ba. Kowane tashi ina kallonshi sau uku, na farko in ga mi aka shirya, na biyu in bi shi shi kaɗai, na uku in tsaida hoto daidai lokacin da ya haɗu da mutum.

Wanda ya koya mini na ukun nan bai ma san dokar wasan ba. Kawuna ne ya zo daga Tawa ganin likita ya sauka gidanmu, mutum ne da kokowa ta shiga ma jini, in ana gasar takobi rediyo ba ya barin kunnenshi. Da dare an ɗauke wuta muna tsakar gida kan tabarma ina kallon wani yaro da na riga na ba maki mai yawa, Kawu ya karɓi wayar ya kusanto da ita ido ya ce maido baya, na maido, ya ce sake. Sai ya sa ɗan yatsa kan gilashin ya ce "wanga ƙugunshi sama yake, da a fage ne da tuni an ɗauke shi." Na ce Kawu ai ya ture mutumin. Ya ce ya ture shi don ya fi shi nauyi, amma dubi ƙafafun, da ya taɓa shi suka tsaya, ranar da ya gamu da sa'anshi baya zai yi. Wallahi na koma na kalli wasanninshi uku, duk haka yake, ni da nake karanta bayanan turawa ban gani ba.

Abin da Kawu ya gani shi ne gindin aikin duka. Wanda ya fi yin ƙasa shi ke ci. Ka duba gwiwa ta lanƙwashe ko kuwa baya kawai ya sunkuyar, don mai sunkuyo da kai ƙasa ba ya ganin gabanshi, lainbaka mai wayo gocewa zai yi ya bar shi ya ci ƙasa, ga kuma hatsarin wuya. Hannu ya kamata su shiga ciki wajen ƙirjin abokin karo, in suna fita waje suna rungumo kafaɗa alƙali zai jefa tuta a maida su baya yadi 10. Ƙafa kuma kar ta mutu bayan karo, ƙananan taku da sauri da sauri har sai an hura usur. Ba banza ba Lorenzo Neal, wanda da yawa ke cewa ba a yi mai share hanya kamarshi ba, ɗan kokowa ne a Fresno State, shekara 11 a jere duk mai gudun da ya bi bayanshi sai ya haura yadi 1,000, kuma shi ne a gaban LaDainian Tomlinson a 2006 da ya ci tacdawun 31, wato sau 31 yana kai ƙwallo gidan abokan karawa. Ni dai in na ji an ce yaro ya yi kokowa a makaranta sai in gyara zama.

Amma ƙarfi ba ido wahala ce. Wani zai taho da gudu kamar bijimi ya kwashe mutum, ƴan kallo su yi ihu, ashe ba shi aka ce ya tare ba, wanda aka ba shi yana can ya kada mai ƙwallo. Ka lura in masu tsaro suka canza tsayuwa daf da tashi, ya gyara ko ya tahi inda aka haddace mishi? Ka lura da shi a fili mai faɗi in aka tura shi gefe ya tari ɗan ƙaramin mai sauri, nan ake gane mai iya taka birki ya daidaita jiki. Sannan in za a yi jifa aka bar shi gadin kwatabak, yana ganin wanda ya kutso ko sai an wuce shi yake waige.

Hannu kuwa su ke kawo kuɗi. San Francisco sun ba Juszczyk dala miliyan 21 na shekara huɗu a 2017, a lokacin mutane suka ce kocinsu Kyle Shanahan ya yi ɓarna, amma mutum ne da za a tsaida shi baya, a tsaida shi gefe, a tura shi ya cafe, har tacdawun ya ci a Super Bowl na 2020. In fulbak ya shigo masu tsaro sukan sako manyan mutane don suna zaton gudu za a yi, in ya iya cafewa to ya bar su da nauyinsu. Ka duba da tafin hannu yake kamawa nesa da jiki ko sai ta bugi ƙirji ya rungume, kuma in ya kama yana juyawa gaba nan take ko sai ya yi tuntuɓe. Ko sau biyar aka jefa mishi a shekara ka nemo biyar ɗin ka kalla.

Gudu da ƙwallo ban cika ɓata lokaci a kai ba. In saura yadi ɗaya aka ba shi ya faɗi gaba bai saki ƙwallo ba, ya wadatar. Masu tuna Christian Okoye ɗan Inugu, maƙwabcinmu na Najeriya da Kansas City suka ɗauka a 1987 ya fi kowa tara yadi wajen gudu da ƙwallo a 1989 da yadi 1,480, su yi haƙuri, ba irin wannan aikin ake ba fulbak ba yanzu.

Akwai wani waje da kusan kowa ke tsallakewa a bidiyo, lokacin da ake buga ƙwallo da ƙafa, ko na farawa ko na sallamawa, mutane sukan tashi zuba ruwa a buta. To kai nan za ka zauna. Fulbak ba ya shiga kowane tashi, wani lokaci wasa guda bai wuce ƴan shiga kaɗan ba, koci kuma ba zai ciyar da mutum kan wannan kaɗai ba, dole ya zama cikin masu rugawa su tare mai maido ƙwallo da masu kare mai bugawa. In yaro ya yi shekara huɗu a jami'a ba a taɓa sa shi nan ba ni ina rage mishi maki sosai, in kuwa ka gan shi shi ne na farko da ke isa yana kada mutum to ja layi ƙarƙashin sunanshi.

Gwajin Indianapolis da NFL ke yi ma yaran diraf wajen ƙarshen Fabrairu ka kalle shi amma kar ya zame maka alƙali. Ana gudun yadi 40, kusan mita 36 da rabi, ana ɗaga ƙarfe mai kilo 102 a ƙirga sau nawa. Fulbak yaushe zai yi gudun yadi 40 a miƙe? Yadi 10 na farko da gwajin juye-juye su suka fi faɗa maka gaskiya. Jikin da aka saba gani kilo 105 zuwa 115 ne, tsawo wajen mita 1.80 zuwa 1.88, dogo sosai yana shan wuya wajen yin ƙasa. Juszczyk ko gayyatar gwajin ba a yi mishi ba. Na fi ba atisayen Senior Bowl, wasan zaɓaɓɓun yaran jami'a na garin Mobile, muhimmanci don can ake haɗa su gaba da gaba da sa'o'insu. Tarihin rauni kuma ka bincika, musamman wuya da kafaɗa da buguwar kai, Johnston da Develin duk ciwon wuya ne ya sa suka aje wasa.

In ka gama da yaron sai ka tambayi kanka wa zai saya. Ravens sun ɗauki Ben Mason na Michigan a zagaye na biyar a 2021 alhali Ricard na nan daram, kahin a fara kakar an sallame shi, kujera ɗaya ce ba ta ɗaukar biyu. Ni a kayena nakan rubuta ƙungiyoyin da ke amfani da fulbak, in duba na wa ya tsufa, na wa kwantiraginshi ya ƙare, wane sabon koci ya fito daga hannun Shanahan, sai in ɗora sunan yaro kusa da biyu ko uku.

Daren farko na diraf ƙarfe ɗaya na dare yake kamawa agogon Yamai, kar ka hana kanka barci saboda fulbak. Ranar Asabar ce tamu, zagaye na huɗu zuwa na bakwai, ana farawa ƙarfe biyar na yamma, ka yi la'asar ka caja waya ka sa mega isasshe. Kuma in an kira sunan ƙarshe wajen tsakar dare kar ka kashe, awa biyun da ke biyo baya ne ƙungiyoyi ke rige-rigen kiran waɗanda ba a zaɓa ba, ta nan Raiders suka samu Ingold a 2019.