Yadda ake ɗaura fok ɗin sifiringa a gaban babban babur

Fok ɗin sifiringa shi ne wannan gaban babur mai ƙafafu huɗu da sifirin a waje kana ganinsa ƙuru-ƙuru ƙarƙashin fitila, ba a ɓoye cikin bututu da mai ba kamar na zamani. Ƙafafu biyu na baya su ne tsayayyu, su ke haɗe da wuyan babur, biyu na gaba kuma su ke hawa da sauka suna danna sifirin ɗin, sai wasu gajerun ƙarafa biyu a can ƙasa da ake ce wa roka su suka haɗa ƙafafun, kuma a jikinsu ake zura aksul, wato sandar da taya ke juyawa a kanta. Tsohon yayi ne, Harley-Davidson da shi suke fitar da manyan baburansu har 1948, a 1949 suka koma na mai da suka kira Hydra-Glide, sai a 1988 suka dawo da shi a Springer Softail saboda mutane sun ƙi mantawa da shi. Maganar gaskiya don kyau ake saka shi ba don daɗin hawa ba, ya fi nauyi, ba ya lotsawa sosai, a hanya mai gargada kuma za ka ji a kafaɗarka. In ka yarda da wannan to bismillah.

Kafin ka biya ko sisi ɗauko tef, domin aikin nan rabinsa da ɗoriya awo ne, kwancewa da ɗaurawa yini ɗaya ya ishe ka in kayan sun yi daidai, in ba su yi ba kuwa babur zai yi wata a kan jak.

Fara da wuya. Yawancin sifiringar da ake sayarwa, irin na kamfanin Paughco ko DNA, an yi su ne don Harley, sandar wuyan kaurin inci 1 ce, da boris mai tsini irin na Timken. In naka Harley ne to galibi ka huta, kusan zurawa kawai za ka yi. In kuma Honda Shadow ne ko Kawasaki Vulcan ko Yamaha ko Suzuki, su awonsu na milimita ne, sai ka nemi boris ɗin da cikinsa ya dace da sandar inci 1 bayansa kuma ya zauna daram a kofin firam ɗinka, ko a yi maka sabuwar sanda a wajen masu tana. Ka auna faɗin kofin sama da na ƙasa daban daban don ba lallai su zo ɗaya ba, ka auna tsawon wuyan firam ɗin ma, saboda in sanda ta gaza noti ba zai samu zaren kamawa ba, in ta yi tsawo kuma sai ka yi ta cusa zobban ƙarfe don cike gurbin. Kar ka yarda wani ya ce a ɗan goge a ɗan cika da walda, wuyan babur ba wajen dabara ba ne.

Sai tsawo. Babur na tsaye a kan tayoyinsa, ka hau ko wani mai nauyinka ya hau, a auna daga ƙasan wuya zuwa tsakiyar aksul, a bi kwanciyar fok ɗin. Masu sayarwa suna rubuta daidai da na kamfani, ko ƙarin inci 2, ko 4, ko ragi, amma wannan lissafin da wani samfurin Harley suke gwadawa ba da naka ba, don haka ka tambaye su tsawon a inci kuma daga ina zuwa ina suka auna. In za ka canza taya, misali daga rim 16 zuwa 21 da aka fi gani da sifiringa, shi ma yana ɗaga gaban, ka sa shi a lissafi.

Nan ne nake so ka nutsu, maganar tirel. Ka ɗauki miƙaƙƙiyar sanda ko zare ka bi tsakiyar wuya a kwanciyarsa har ƙasa ka yi alama, sannan ka sako zare da ɗan nauyi daga tsakiyar aksul ya sauka tsaye ka yi alama ta biyu. Tazarar da ke tsakanin alamomin nan ita ce tirel, kuma alamar wuya ce dole ta kasance a gaba. Ita ke sa tayar gaba ta riƙa miƙewa da kanta in kana tafiya, kamar tayar keken asibiti da ke bin bayan sandarta duk inda aka tura. Abin da aka saba nema a babur irin wannan tsakanin inci 4 ne zuwa 6. To roka yana tura aksul gaba, ma'ana yana cin tirel, shi kuma ƙarin tsawo yana ɗaga gaban firam ya ƙara kwantar da wuya, tirel ya ƙaru, ka ga abubuwa biyu ne ke ja-in-ja. In ya yi kaɗan babur zai yi sauƙin juyawa a hankali har ka ji daɗi, amma ranar da ka buɗe wuta kan zai fara kakkarwa hagu da dama kuma ba ya sallama kafin ya fara. In ya yi yawa kan zai yi nauyi yana faɗawa gefe a kwana in kana tafiya a hankali, wannan dai gajiya ce, na farkon shi ke kai mutum ƙasa. Ka auna na yanzu kafin ka kwance komai ka rubuta, shi ne ma'auninka.

Kaya sun iso, to aiki. Sa jak a ƙarƙashin firam har tayar gaba ta bar ƙasa, ka ɗaure babur da igiya ta ɓangare biyu don da zarar gaban ya fita nauyi zai koma baya. Cire tanki in za ka iya, in ba haka ba lulluɓe shi da bargo mai kauri. Ɗauki hoton yadda wayoyi da kebul suka bi da wayarka. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kalifan birki wato abin da ke damƙe faifan birki, taya, madgad, fitila, hannun babur ka kwantar da shi baya, notin sama, farantin sama da ke riƙe ƙafafun fok, notin da ke matse boris, wani ya riƙe fok ɗin ta ƙasa ya zare shi.

Tsofaffin zoben boris da ke cikin wuya da dogon ƙarfe da guduma ake fitar da su, kana bugawa kana zagayawa kar ya karkace ya ci kofin. Sabon boris da sabon zobe suke tafiya, kar ka haɗa sabo da tsoho. Ka sa zoben a firiza su kwana, suna ɗan tsukewa su shiga da sauƙi, ka tabbata sun kai ƙarshe, za ka ji ƙarar guduma ta canza. A kan sandar sifiringar marfin ƙura ne farko, mutane na yawan mantawa da shi sai sun gama, sannan boris na ƙasa, ka cusa masa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ba shafawa sama sama ba.

Zura shi aikin mutum biyu ne don abin akwai nauyi. Boris na sama, marfinsa, noti, faranti, notin sama a sassauce tukun. Matsin ƙarshe sai taya ta hau: ka kama ƙafafun ka ja gaba da baya bai kamata ka ji ƙwas ƙwas ba, sannan in ka ɗan tura kan daga tsakiya ya tafi gefe da kansa sumul ba tare da cijewa ba. Kowane noti ka bi ƙarfin da takardar kamfani ta faɗa da sifana mai auna matsi, ka ɗiga gam ɗin zare irin Loctite inda aka ce.

Taya kuma. Duba kaurin aksul, da yawan sifiringa suna zuwa da mai kashi uku cikin huɗu na inci, tayarka wataƙila ta inci 1 ce ko milimita 25 ko wani abu daban, sai a canza boris ɗin tayar da bututun da ke tsakaninsu. Tsofaffin sifesa ɗinka, wato gajerun bututun da ke cike tsakanin taya da fok a kan aksul, da wuya su yi, ka tsayar da taya a tsakiya ka auna daga bakin rim zuwa ƙafa ta kowane gefe har su zo ɗaya, ka cire kaurin mariƙin kalifa a lissafin ɓangaren birki, a yanka maka sababbi. Bayan ka matse aksul roka ya ci gaba da motsi ba takura, in ya ƙage to sifesa ɗin ne ba daidai ba.

Birki shi ne inda aikin mutane da yawa ke lalacewa. A fok na mai kalifa a jikin ƙafa yake a ɗaure shike nan, a nan kuwa taya lilo take a kan roka, don haka mariƙin kalifa a kan aksul yake zama da bushin, wato zoben da yake juyawa a kansa, sai wata sanda mai gaɓa a kowane kai ta riƙe shi zuwa tsayayyiyar ƙafar baya. Sandar nan so ake ta yi kwanciya irin ta roka kamar layukan dogo biyu, tsawonsu kuma ya yi kusa da juna, yadda duk za su hau su sauka tare. In ka ɗaure ta a karkace ko ka ƙulle mariƙin ƙam, kana taka birki gaban zai miƙe sama ko ya sandare, taya ta riƙa tsalle a daidai lokacin da kake buƙatar ta kama ƙasa. Duba cewa faifan birki na tsakiyar kalifa. Tiyon birki kusan kullum sai sabo, mai ɗan rara yadda ba zai ɗame ba in fok ya miƙe gaba ɗaya kuma ba zai shiga tsakanin sifirin ba. Man birki ka karanta marfin, DOT 4 da DOT 5 ba a gauraya su, ka fitar da iska har hannun ya yi tauri. In baburinka mai ABS ne, wato na'urar hana taya kullewa in an taka birki, ko mitar gudu daga tayar gaba take karantawa, wannan tun kafin saye ya kamata ka san inda na'urar za ta zauna.

Ragowar ƙananan abubuwa ne masu cin rai. Ramukan ɗaura hannun babur a sifiringa sau da yawa tazararsu ba irin ta da ba ce, sai sabbin ƙafafun hannu. Fitila na son nata mariƙi. Madgad dole ya bar wa taya wuri in ta hau can sama, shi ya sa za ka ga wasu sun haƙura da shi gaba ɗaya, ni dai ban ba da shawarar haka ga mai hawa cikin ruwan sama ba. Sannan matokarin kai, juya kan a hankali har ƙarshe ta kowane gefe ka gani, in ƙafar baya za ta taɓa tanki to sai an yi matokari kafin tanki ya koma. Kunna injin ka sake juyawa, in ƙarar ta ƙaru da kanta kebul ɗin totur ne ya ɗame.

Sauke babur, sake auna tirel ka gwada da wanda ka rubuta. Riƙe birki ka danna gaban da ƙarfi sau da yawa kana sauraro. Gwajin farko a fili marar motoci, a hankali, birki, kwana hagu kwana dama, sannan ka riƙa ƙara gudu kaɗan kaɗan a ranaku daban. Bayan 'yan fitar farko ka koma kan boris ɗin wuya don sabo yana zama ya saki, ka bi notocin roka da na sandar birki da sifana. Bushin ɗin roka kuma giris yake so a kai a kai, duk sanda ka canza man inji ka ɗaga gaban ka girgiza taya gefe da gefe, in ka ji tana wasa a wajen roka bushin ya cinye, a canza su duka biyun lokaci ɗaya.